Tanadi da Gudanarwa: Aikin Ƙasa da Ke Riƙe da Taurarin Nazarin Duniya

Taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton doron ƙasa, waɗanda ake dogaro da su wajen ƙiyasta yawan gonakin da aka nome da bin sawun ambaliya da lura da yadda hamada ke cin daji, darajarsu tana cikin jerin hotunan wuri guda da aka ɗauka shekara bayan shekara, a lokaci ɗaya na yini, da na'urar da ma'auninta bai kauce ba. Da irin wannan jeri ne mai bincike zai ajiye hoton Tafkin Chadi na 1973 kusa da na bana, ya tabbatar cewa bambancin da ke tsakaninsu daga ruwan tafkin ya fito. Shirin Landsat na Amurka, wanda aka harba tauraronsa na farko ranar 23 ga Yuli, 1972, shi ne mafi tsawon irin wannan jeri a duniya, kuma duk wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa akasarin aikin da ya hana jerin yankewa sama da shekara hamsin a ƙasa aka yi shi, a hannun masu lissafin mai da masu kula da eriya da masu ajiyar kaset da direbobin manyan motoci.

Injiniyoyi suna raba wannan aiki gida biyu. Na farko shi ne gudanarwa, wato hidimar yau da kullum ta aika wa tauraron umarni, da karɓar rahoton lafiyarsa, da tsara wuraren da zai ɗauka, da sauke hotunan. Na biyu shi ne tanadi, wanda ya ƙunshi duk abin da gudanarwa ke buƙata don kada ta tsaya: kayan gyara, da ma'aikata da horonsu, da takardun bayanin aiki, da jigila, da gine-gine, da kwamfutoci da manhajojinsu. Tunanin haɗa waɗannan abubuwa cikin tsari ɗaya tun daga ranar da aka fara zana na'ura ya samo asali ne a rundunar sojin Amurka a shekarun 1960, bayan an lura cewa kuɗin riƙon jirgin yaƙi tsawon rayuwarsa yakan zarce kuɗin sayensa. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san wannan lissafi, domin ranar ciniki sau ɗaya ake yin ta, amma harawa da dusa da kanwa da ladan mai barga kullum ne. Abin da ya bambanta tauraron ɗan'adam da jirgin yaƙi shi ne, da zarar roka ta rabu da shi, da wuya makaniki ya sake taɓa shi, don haka dole a yanke shawarar kayan gyaransa shekaru kafin a san abin da zai lalace.

Abin da aka ɗora masa tun daga ƙasa

Taurarin Landsat na yanzu suna kewaya duniya a nisan kilomita 705, suna bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, kowane zagaye cikin kimanin minti 99, kuma an karkata falakinsu, wato hanyar da suke bi, ta yadda za su riƙa ratsa tsakiyar duniya da misalin ƙarfe goma na safe a agogon wurin da suke wucewa. Wannan ne ke sa inuwar tsauni ko ta bishiya ta zama kusan iri ɗaya a hotunan da aka ɗauka a rana ɗaya ta shekaru daban-daban. To amma falakin ba ya zama da kansa. Ragowar iskar da ke can sama tana rage wa tauraron tsawo a hankali, musamman a shekarun da rana ta tsananta aman zafinta, jan rana da na wata kuma suna sauya karkatar falakin, don haka lokaci-lokaci sai an kunna ƙananan injuna an mayar da shi kan layi. Kowace kunnawa tana cin man da babu hanyar ƙara shi, shi ya sa tankin mai ya zama ma'aunin tsawon ran tauraro. An tsara Landsat 8 da Landsat 9 su yi aikin shekara biyar, amma an zuba musu man da zai kai shekara goma ko fiye.

Babu inda wannan lissafi ya fito fili kamar a Landsat 5. An ƙera shi ne a matsayin tagwayen Landsat 4, a ajiye shi ko ta kwana, sai Landsat 4 ya fara samun matsalar wuta ba da jimawa ba bayan harba shi a 1982, abin da ya sa aka ɗauko na ajiyar aka harba ranar 1 ga Maris, 1984, da tsammanin zai yi shekara uku. Masu zanensa sun sa masa tankin mai wanda ya wuce buƙatarsa, domin a lokacin ana tunanin jirgin sama jannati na Amurka zai riƙa zuwa yana ɗauko taurari, tauraron kuwa yana buƙatar mai don ya sauko inda jirgin zai same shi. Ba a taɓa ɗauko shi ba, man nan da aka tanada don wata manufa dabam shi ya riƙe falakinsa kusan shekara 29, har aka sa shi a kundin tarihin Guinness a matsayin tauraron nazarin ƙasa mafi daɗewa yana aiki. Sa'a ce, kuma an buƙace ta ƙwarai, domin Landsat 6 bai kai falaki ba da aka harba shi a watan Oktoba na 1993, Landsat 7 kuma bai tashi ba sai ranar 15 ga Afrilu, 1999. Ba don wancan tanki ba, da akwai yiwuwar jerin ya samu giɓin shekaru a tsakiyarsa.

Mai kaɗai ba zai isa ba in babu mutanen da suka san halin na'urar. A 2005 injin da ke juya farantin hasken rana ya fara gardama, na ko-ta-kwanan ma ya biyo sahu, daga bisani aka tsayar da farantin wuri guda aka sake tsara yadda za a riƙa cajin batir. A 2007 wani batir ya samu matsala, aka dakatar da ɗaukar hoto na watanni har aka gano yadda za a raba wutar da ta rage. A watan Nuwamba na 2011 na'urar da ke ƙarfafa siginar aika hoto ta raunana har aka rufe babbar kyamarar, sai ma'aikatan suka farfaɗo da tsohuwar kyamarar da aka kashe tun shekarun 1990 ta ɗan riƙe aikin. Sai da ɗaya daga cikin na'urorin da ke sanar da tauraron yadda yake juyawa ta mutu a ƙarshen 2012 sannan aka haƙura, aka yi amfani da ragowar man aka sauko da shi daga layin aiki, aka kashe shi a watan Yuni na 2013, watanni kaɗan bayan tashin Landsat 8. Kowace dabara daga cikin waɗannan ta dogara ne ga zanen wayoyi da rahotannin gwaji da aka rubuta kafin a haifi wasu daga cikin masu aiki da su, wanda ke nuna dalilin da ya sa ake lissafa takarda da horo cikin kayan gyara.

Eriya, kebul da rumbu

Tauraron da ke wannan falaki ba ya ganin tasha ɗaya ta ƙasa sai na kimanin minti goma a kowace wucewa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne zai karɓi umarni ya zubar da hotunan da ya tara. Tashar da ke kusa da tsakiyar duniya sau kaɗan take ganinsa a yini, amma wadda ke kusa da ƙuryar arewa tana ganinsa kusan a kowane zagaye, wannan ne kuma ya mai da tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe, wanda ke digiri 78 arewa, wata babbar matattarar eriyoyi, inda ake iya ganin duka zagaye 14 na yini. Hotunan da aka sauke a can suna bi ta kebul biyu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa babban yankin Norwe, kuma amfanin yin su biyu ya bayyana a watan Janairu na 2022, lokacin da ɗaya ya lalace ɗayan ya ci gaba da ɗaukar kaya. Landsat 8 da 9, waɗanda tare suke ɗaukar hoto kusan 1,500 a yini, kowanne mai faɗin kilomita 185, ana sarrafa su ne daga cibiyar Goddard ta hukumar NASA a jihar Maryland, suna sauke kaya a Svalbard da Alaska da Jamus da Ostireliya da kuma Sioux Falls a jihar Dakota ta Kudu, inda cibiyar EROS ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ke da babban rumbun ajiya.

A zamanin Landsat 5 abin ba haka yake ba, kuma Afirka ta biya kuɗin wannan bambanci. Tauraron ba shi da na'urar ajiye hoto a cikinsa, an dogara ne ga wasu taurarin sadarwa da za su riƙa karɓa suna miƙawa ƙasa, da wannan hanya ta mutu kuwa sai ya zama ba ya iya aiko da hoton wuri sai in akwai tashar da ke ganinsa a daidai lokacin. Ƙasashen da ke da tasha suka tara hotuna, waɗanda ba su da ita suka tashi a tutar babu, shi ya sa Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suke cikin yankunan da hotunansu na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990 suka yi ƙaranci. Siyasa ta ƙara dagula lamarin. Wata doka ta 1984 ta miƙa shirin ga kamfani mai zaman kansa, farashin hoto guda ya kai dala 4,400, masu bincike suka ja baya, kamfanin kuma ba shi da dalilin ɗaukar hoton wurin da babu mai saye. Majalisar dokokin Amurka ta sake lale da wata doka a 1992, amma hoton damunar da ba a ɗauka ba ya wuce ke nan, kuma mai nazarin yadda gonaki suka ci dazuzzukan Sahel a waɗannan shekaru har yau da wannan giɓi yake fama.

Hotunan da tashoshin ƙasashen waje suka sauke ma ba su tsira kai tsaye ba, domin suna kan kasakasai iri-iri a ɗakunan ajiya daban-daban, wasu an daina ƙera injin da ke karanta su, wasu danshi ya sa sun fara mannewa, irin lalacewar da masu adana kaset kan yi maganinta ta hanyar gasa shi a hankali cikin ƙaramin zafi kafin a karanta. A 2010 USGS ta fara aikin tattaro waɗannan hotuna zuwa Sioux Falls, cikin 'yan shekaru kuma aka ƙara fiye da miliyan uku a rumbun, wato aka ninka shi har da ɗori. Wannan ya zo ne bayan an mai da hotunan kyauta a 2008. Kafin nan, a shekarar da aka fi ciniki, hoto kusan 25,000 aka raba, amma a shekarar farko ta kyauta an haura miliyan ɗaya, nauyin tanadi kuma ya koma kan rumbunan kwamfuta da ƙarfin intanet.

Kafin roka ta tashi

Wasu asarorin tun a masana'anta suke faruwa. Ranar 6 ga Satumba, 2003, a wata masana'anta a Kalifoniya, ma'aikata suna kwantar da tauraron yanayi na hukumar NOAA ta Amurka a kan keken da ake juya shi, sai ya zame ya faɗi kan daɓen siminti. Bincike ya gano cewa an cire notuna 24 da ke riƙe da farantin da tauraron ke zaune a kai ba tare da an rubuta ba, waɗanda suka zo aiki kuma suka amince da takarda ba su duba da idonsu ba. Gyaran ya ci dala miliyan 135, tauraron kuma bai tashi ba sai a watan Fabrairu na 2009. A fagen da ake lissafin falaki da ƙananan ɗigon lamba, abin da ya kayar da na'urar shi ne rashin cike layi ɗaya a littafin aiki.

Landsat 9 kuwa, bayan an kai shi a mota daga Arizona zuwa sansanin harba roka na Vandenberg, jinkirinsa daga asibiti ya fito. A damunar 2021 annobar korona ta sa asibitocin Amurka suna shan ruwan iskar oksijin fiye da ƙima, motocin tanka da direbobinsu suka karkata can, sai sansanin ya rasa isasshen ruwan iskar naitirojin da ake buƙata wajen gwajin roka da shirin tashi. Aka ɗage harbawar daga 16 ga Satumba, daga ƙarshe aka yi ta ranar 27 ga watan.

Turawa sun gamu da nau'in wannan matsala mafi tsada a shirinsu na Copernicus. Sentinel-1A da Sentinel-1B taurari ne masu amfani da rada, wadda ke ganin ƙasa ta cikin gajimare da duhun dare, kuma a lokacin da su biyun ke aiki tare suna sake duba wuri duk kwana shida. Ranar 23 ga Disamba, 2021, sashen da ke ba radar Sentinel-1B wuta ya mutu, tazarar ta koma kwana 12, wasu yankunan ma suka fita daga jadawali. Magajinsa yana kan hanya a masana'anta, amma rokar Soyuz ta Rasha, wadda ta ɗauki na farkon biyu daga sansanin Kourou, ta fita daga hannun Turai bayan ɓarkewar yaƙin Yukren a 2022, rokar Vega-C da aka koma gare ta kuma ta faɗi a watan Disamba na wannan shekara aka dakatar da ita. Sentinel-1C bai tashi ba sai ranar 5 ga Disamba, 2024, kusan shekara uku bayan lalacewar. Tauraron ajiya da babu rokar da za ta ɗauke shi bai cika sunansa ba, kuma masu tsara shirin sun yi tanadin na'ura fiye da yadda suka yi tanadin hanyar kai ta.

Akwai kuma hidimar da ba a cika ambata ba, wato daidaita ma'auni. Kyamara tana dusashewa a sararin samaniya, in ba a auna wannan dusashewa ba kuma za a ɗauke ta a matsayin bushewar ciyawa ko raguwar daji. Landsat 8 yakan juya ya kalli wata idan ya cika, tun da hasken da wata ke mayarwa ba ya sauyawa, sannan ana amfani da wasu filayen rairayi na Sahara waɗanda ba su da tsiro kuma ruwa bai cika sauka a kansu ba, irin su wanda ake kira Libiya 4 da wasu biyu a hamadar Nijar da ɗaya a Sudan. Idan hasken da kyamara ta auna a kan waɗannan filaye ya ragu, an san daga kyamarar ne. A watan Nuwamba na 2021, kafin Landsat 9 ya hau falakinsa na dindindin, an bi da shi ta ƙarƙashin Landsat 8 na 'yan kwanaki don su ɗauki wurare ɗaya a lokaci ɗaya, dama ce da ba ta maimaituwa, wadda sai da aka haɗa masu lissafin falaki da masu tashoshi da masu auna haske a fili kafin ta yiwu.

Ƙarshen aiki ma sai da tanadi. Envisat na hukumar sararin samaniya ta Turai, mai nauyin tan takwas, ya yi shiru ranar 8 ga Afrilu, 2012, kafin a sauko da shi, yana nan yana yawo a falaki mai cunkoso. Landsat 7, wanda wani ƙaramin madubinsa ya lalace ranar 31 ga Mayu, 2003, ya riƙa rasa kimanin kashi 22 cikin ɗari na kowane hoto, ya yi gyaran karkatarsa na ƙarshe a 2017, aka sauko da shi ƙasa da layin aiki a 2022. An yi niyyar aika wani tauraro mai hannun mutum-mutumi ya ƙara masa mai, wanda da ya sauya lissafin tanki gaba ɗaya, amma NASA ta soke shirin a 2024 saboda tsada da jinkiri, aka kuma kashe Landsat 7 a 2025.

Inda batun ya shafi Nijeriya da Nijar

Nijeriya ta shiga wannan fage da NigeriaSat-1, wanda kamfanin SSTL na Ingila ya ƙera aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, shekara huɗu bayan kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasar, NASRDA. Dabarar da aka bi ta tanadi ce tun asali, domin an sa shi cikin ayarin ƙananan taurari na ƙasashe da dama, ciki har da Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya, waɗanda ke bin juna a falaki ta yadda za a iya ɗaukar wurin da bala'i ya afka wa kowace rana, abin da ƙasa ɗaya da tauraro ɗaya ba za ta iya ba. Ya aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, ya kuma wuce wa'adinsa na shekara biyar har zuwa 2012. Ranar 17 ga Agusta, 2011, aka harba NigeriaSat-2, mai iya bambance abin da ya kai mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Ingila suka haɗa, aka riƙa sarrafa su daga tashar Abuja. A wannan karon magaji ya riski wanda zai gada yana raye, kamar yadda ya kamata.

Wa'adin NigeriaSat-2 na shekara bakwai ya cika a 2018 ba tare da an harba magajinsa ba, alhali ƙera tauraro irinsa da samun gurbi a roka kan ɗauki shekaru, wanda ke nufin tun yana sabo ya kamata a ware kuɗin na gaba. Kasafin gwamnati yakan fi sauƙin amincewa da babban aiki mai ranar buɗewa fiye da kuɗin man janareto na tasha da sabunta manhaja da riƙe injiniyan da aka kashe kuɗi aka horar. Cibiyoyin da ke aiki da hotunan, irin su cibiyar nazarin ƙasa daga nesa da ke Jos da cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 don lura da damuna da makiyaya a ƙasashen Sahel, suna samun hotunan Landsat da Sentinel kyauta, amma jadawalin ɗaukarsu a Maryland da Turai ake tsara shi, nasu ɓangaren tanadin kuma ya rage ga wutar lantarki da layin intanet mai iya sauke hoton da ya kai gigabait guda, da ma'aikatan da za su fassara shi kafin damuna ta wuce.